Tagiyar Arzika

"Ka yi aiki! Kada ka yi min ƙarya, Malam, an gan ka kana aiki!"

Muryar Baiwa ce, matar maƙwabcina, ta keto katangar ƙasar da ta raba ɗakin da nake haya da tsakar gidansu a Argungu. Bayan la'asar ne, ina zaune ina gyara littattafan 'yan ajina. Na ajiye jan biro.

"Wallahi ban yi ba," in ji mijin, Arzika. "Tambayi kowa. Ƙarhe sha ɗaya nika tashi in bar musu wurin."

"To agogon ga fa? Daga sama yaf faɗo? Wa anka taɓa ba agogon bango don ya yi lalaci?"

"Ni."

"Wancan karon rediyo, yanzu agogo. Saura guda, Malam. Guda! In ka sake ci, kwashe mu za su yi sai Birnin Kebbi. In kai bandata ina? Bisa teburin ohis?"

"Na ce miki ina iyakar ƙoƙarina in faɗi."

"Ƙoƙarin ne ba ni so! Kai ko faɗuwa za ka yi sai ka yi ta da kyau."

Na sha jin mata suna yi wa mazansu faɗa a kan zaman banza. Ban taɓa jin wadda take tuhumar mijinta da ƙwazo ba sai ranar. Washegari na sayi kifin da ba na bukata a wurin Baiwa, jibi na zauna a zauren Arzika, daga nan kuma na yi ta bin zaren har ƙarshensa.

Arzika a lokacin ya ba arba'in baya da 'yan shekaru. Gajere ne, mai faɗin tafin hannu, mai tafiya a hankali kamar aron ƙasar aka ba shi. Gidansu gidan masunta ne tun kaka da kakanni, amma shi kaɗai ba ya shiga ruwa. Yana ɗan shekara tara jirgi ya kife da shi a gulbi, taubashinsa Ikrima, ɗan ƙanwar ubansa, ya jawo shi waje da kunne. Ruwan bai kai masa ƙirji ba. Ikrima ya shekara talatin da biyar yana ba da labarin nan a wurin suna da wurin ɗaurin aure, kuma kowace shekara ruwan ƙara zurfi yake yi, har aka zo shekarar da kada ya shigo cikin labarin.

Tun daga ranar Arzika bai ƙara tsoma ƙafa a gulbi ba, amma bai iya wuni guda bai gan shi ba. A mashigin da jirage ke tsayawa akwai wani kututturen giginya a kwance, nan ne wurin zamansa. Ba ya su, ba ya hira sosai, kallo kawai yake. Daga jiragen nan kuma Baiwa take sayen kifin da take bandawa, wanda matan ma'aikata ke aikowa a saya tun kafin ya huce. Gidan gaba ɗaya a jikin gulbin yake rataye.

Aikinsa sayen shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ga wani kamfanin casa mai suna Albarkar Fadama. Su biyu ne masu saye a reshen Argungu, shi da Ikrima, kowa da sikelinsa a ƙofar sito guda. Arzika yakan zura hannu cikin buhu har gwiwar hannu, ya ɗebo, ya ciji ƙwaya ɗaya, ya faɗa wa manomi fadamar da ta fito da kwanakin da ta yi a rana. Shekara goma sha ɗaya yana wannan, ba wanda ya taɓa yaba masa, shi ma bai nema ba. Aƙalla haka yake cewa.

Sai aka ƙirƙiro jihar Kebbi a watan Agustan 1991. Mai kamfanin, wani Alhaji da ma'aikata ba su taɓa gani ba sai a jikin kalanda, ya kwashe babban ofis daga Sakkwato ya kawo Birnin Kebbi. Tebura suka iso lafiya. Masu zama a kansu suka ce iyalansu sun saba da Sakkwato. Aka wayi gari da ɗaki shida, tebur takwas, da mutum ɗaya: sabon manaja, Abdussamadu, Bakano ɗan shekara talatin da biyu, wanda bai jima da dawowa daga kwas na mako biyu a Ikko ba. Ya dawo da jaka cike da takardu da wata kalma guda da yake ji da ita.

Ya zo Argungu ya tara ma'aikata a gindin dogon yaron da ke gaban sito. Ya ce zamanin aikin ka-ga-dama ya wuce. Kamfani yana da manufa, ma'aikaci yana da buri, shi kuma aikinsa ya ɗaure su wuri ɗaya su riƙa tafiya tare. Ya fito da fom, ya ce kowa ya faɗi burinsa a rubuta.

Tamba direban babbar motar kamfani ya ce burinsa tayar baya ta hagu. Ikrima ya ce ofis a Birnin Kebbi, mai fanka.

"Malam Arzika fa?"

"A bar ni inda nike, ranka ya daɗe."

Manaja ya rubuta, ya duba abin da ya rubuta, ya girgiza kai. "Wannan ai ba buri ba ne. Buri gaba yake tafiya." Ya ja layi a kai, ya rubuta "ci gaba" a samansa, ya wuce na gaba.

Sannan ya fito da kalmar. Daga yau, in ji shi, kowa yana da taget, wato gwargwadon aikin da aka yanka masa ya cika. Za a riƙa duba aiki duk bayan wata uku, wato zango guda. Wanda ya cika taget ɗinsa fiye da kowa, zangon farko rediyo, na biyu agogon bango. Wanda ya ci uku a jere kuwa, ƙarin girma: ofis a Birnin Kebbi, da tebur, da fanka.

To, abin da Bakano ke ce wa hula, a ƙasar nan tagiya ake ce masa. Arzika ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, tagiyar da za a cika, kamfani za ya ba mu, ko kowa ya cika tashi?"

Ma'aikata suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Manaja kuwa fuskarsa ta washe. Ya san mutanen nan suna lanƙwasa magana, suna ce wa ofis ohis, sai ya ɗauka haka suka lanƙwasa taget tun bai rufe baki ba. Kalmarsa ta shiga gari.

"Kowa da tasa, Malam Arzika! Kowa ya cika tasa!"

Har yau a Argungu ana ba da wannan a matsayin wautar Arzika. Ni ban yarda ba. Mutumin da haƙorinsa ke bambance shinkafar fadama biyu maƙwabtan juna, kunnensa ba zai kasa bambance kalma biyu ba. Ya ji Birnin Kebbi a cikin jawabin, ya duba hagu ya duba dama, ya ga su biyu ne kacal a takarar. Ya kuma san ba a kai wawa babban ofis. Wautar nan a tsaye ya ƙera ta, da hannu ɗaya a sama.

Taget ɗin zangon farko yawan buhu ne. Washegari manomin farko ya sauke buhunsa gaban Arzika. Arzika ya cire tsohuwar tagiyarsa mai ruwan ƙasa, ya zura hannu har gindin buhun, ya yi ta ɗebowa yana zubawa a ciki har ta cika, ya juye a tabarma, ya zauna ya fara tsince ta ƙwaya-ƙwaya.

"Mi a wannan kuma, Arzika?"

"Manaja yac ce a cika tagiya."

Buhu ɗaya rabin awa. In ya tsinci tsakuwa uku, sai ya jera su a gwiwarsa ya ce a koma a sheƙe. Kafin azahar layin gaba ɗaya ya koma sikelin Ikrima. Shi kuwa Ikrima fanka kawai yake gani. Ya sayi jiƙaƙƙiya, ya sayi mai yashi, ya sayi wadda aka yayyafa wa ruwa a hanya don ta ƙara nauyi. Manoma suka gane sikelinsa ba ya tambaya. Akwai buhun da aka samu kunkuru a ciki da ransa, an auna shi an shigar da shi sito a matsayin shinkafa.

Saura kwana goma zango ya ƙare aka buɗe sito don a yi lodi. Ɓangaren Ikrima ya yi kore shar. Shinkafar ta tsiro ta jikin buhunan, ta miƙe tana neman hasken taga. Awakin unguwa suka shiga kafin a ankara. Ɗan abin da aka ceto aka kai Birnin Kebbi, injin casa ya ci karo da rabin bulo ya zubar da haƙora huɗu. Manaja ya zauna da takardunsa na Ikko har ya gano cewa tun farko abin da yake nufi da buhu shi ne buhun da inji ya karɓa. Na Arzika kaɗan ne, amma ko ɗaya inji bai mayar ba. Aka aiko masa da rediyo.

Abin bai tsaya nan ba. Manoman da suka jure rabin awar nan suka fara alfahari a majalisa. "Tawa ta wuce tagiya." Wanda tasa ba ta wuce ba sai ya ce bai kai ba ne tukuna. Na ji wani tsoho yana tambayar halin mai neman ɗiyarsa, aka ce yana salla, yana zumunci, ya ce, "Shinkafarshi hwa? Ta wuce tagiya?"

A zango na biyu Arzika ya sake dabara. Tunda jinkiri bai kayar da shi ba, gudun aiki zai kayar. Ƙarfe sha ɗaya na safe sai ya rufe sikeli ya tafi kututturensa a bakin gulbi. Manoma masu son tagiya suka bi shi can. Na ƙetaren gulbi, waɗanda a da sai sun nemi jakuna daga mashigi zuwa sito, suka ga mai saye yana zaune a daidai inda jirginsu ke tsayawa, suka riƙa sauke buhu a gaban ƙafarsa. Arzika ya ce musu ya tashi daga aiki. Suka ce ba komai, ya dai duba. Hannunsa kuma, ko ya hana shi, sai ya shiga buhu. Tamba ya ga mashigi ya fi ƙofar sito inuwa, ga kifi kusa, sai ya koma ajiye mota a can. Shinkafar da kamfani bai taɓa samu ba ta riƙa hawa mota kai tsaye daga jirgi. Manaja ya rubuta wa Alhaji rahoto mai shafi tara a kan sabon tsarin kai kamfani wurin manomi. Aka aiko wa mutumin da ke gudu daga aiki ƙarfe sha ɗaya agogon bango.

Wannan agogon ne na ji ana faɗa a kansa ta bayan katanga.

A zango na uku Baiwa ta karɓi ragamar faɗuwar da kanta. Ta ƙwace tagiyar ta kulle a akwatinta, ta rataya makullin a wuya. Ta hana shi zuwa gulbi da rana. Ya je sito ya sa hannu a takardar zuwa aiki, ya dawo ya zauna a zaure, shi da rediyo da agogo. In manomi ya yi sallama da buhu, ita ke amsawa daga ciki: "Ba shi nan!" Manomin yana kallonsa, shi ma yana kallon manomin.

Nan na riƙa zama da shi bayan an tashi makaranta. Ya rame. Hannunsa na dama yakan riƙa motsi shi kaɗai a kan tabarma kamar mai tsince wani abu.

Na ce masa, "Malam Arzika, ai gulbin nan shi ne ya bi ta bayan Birnin Kebbi. Can ma za ka iya kallonsa."

Ya dube ni da tausayi. "Malam, ruwan da yaw wuce Argungu saura ne. Mun riga mun gane shi."

Kullum da yamma Ikrima yakan biyo a kan kekensa. Manaja ya sa an ɗinka wa ma'aikata huluna masu sunan kamfani, Ikrima ya zaɓi wadda ta fi kowace girma, har tana rufe masa kunnuwa. Yanzu shi ma yana cika ta, ya juye, ya kalla, ya saye duk da haka.

"Ɗan masunta mai tsoron randa!" yakan ce daga kan keken. "An ɗaure ka? Yau mota biyu nic cika. In na samu ohis, ka taho in kunna ma fanka. Kada ka ji tsoro, ba ta da zurhi."

"Allah shi kai ka, jikan mai kunnen jaki."

"Kunnenka dai, wanda nij ja. In ba don ni ba da yanzu kana cikin kada."

Arzika yakan yi dariya yadda ake yi wa taubashi. Amma na lura, bayan keken ya wuce, yakan ɗaga kai ya dubi agogon bangon, ya daɗe yana dubansa, ba kuma lokaci yake dubawa ba.

Zango ya ƙare. Takarda ta zo. Arzika ya ci na uku.

Tamba ne ya warware mini, yana cin kifin Baiwa a gindin motarsa. Mako biyu da shiga zangon, manaja ya ba shi wasiƙa ya kawo Argungu. Sito ya cika, inji yana jiran haƙora daga Ikko, saboda haka manufar kamfani a wannan zango ita ce a rage saye. Wanda ya fi kowa ƙarancin buhu shi ya ci. Tamba ya tarar da Arzika a zaure, ya karanta masa ita da bakinsa, Arzika ya ce ya bari shi zai kai wa Ikrima.

Na koma zauren na ɗaga agogon. Wasiƙar tana bayansa, a ninke huɗu.

Wato wata biyu da rabi yana zaune ya san zaman nan shi ne cin. Da ya so faɗuwa, buhu kawai zai fita ya saya, ko ya miƙa wa Ikrima takardarsa su yi zaman tare. Ga gulbinsa a hannu ɗaya, ga bandar matarsa, ga kututturensa, ya ajiye su duka a bayan agogo.

Na ce, "Me ya sa?"

Ya dubi wasiƙar da ke hannuna. "Kullum da sahe nika cewa yau za ni kai mishi. Sai in tuna da kada."

"Wane kada?"

"Wanda yas sa cikin labarin. Babu kada, Malam. Ruwan ga iyakarshi." Ya sa hannu a cibiyarsa. "A ruwa ya hi ni, na yarda. Bisa tudu kuma sai ya hi ni?"

Na ɗauka ranar katangar za ta tsage. Ba a ji komai ba. Da safe Baiwa ta fito zaure, ta cire makulli daga wuya, ta ajiye masa tagiyar a gwiwa.

"Kai kaɓ ɓata, kai za ka gyara. In ka dawo min da makullin ohis, Malam, ka wuce da shi wurin giginyarka, ta dahwa ma tuwo."

Ina da takardun aikina da suka maƙale a ma'aikatar ilimi tun rabuwa da Sakkwato, sai na bi motar Tamba da za ta kai Arzika Birnin Kebbi. Mu huɗu a gaba, don Ikrima ma ya ce sai ya je ya kai ƙara. Tafiyar awa guda ba wanda ya yi magana, sai tayar baya ta hagu.

Babban ofishin gida ne na haya a hanyar Gwadangaji. Na zauna a bencin baranda. Ƙofar manaja a buɗe take saboda zafi, don fankar da ke rataye a kowane ɗaki ba a jawo mata wuta ba tukuna. A ƙofar ɗakin da ke kusa an riga an rubuta da fenti: Babban Jami'in Tagiya.

Manaja Abdussamadu bai yi kama da mai shirin biki ba. Ya saurari ƙarar Ikrima ta minti biyu, ya ɗaga masa hannu, ya juya ga Arzika.

"Malam Arzika, me na yi maka?"

"Ranka ya daɗe?"

"Don ka faɗi na sa taget ɗin nan. Na ce mutumin da manoma ke bi har bakin ruwa ba zai iya daina saye ba. Na ce ko an ɗaure ka sai ka saya. Sai ka zauna!"

"Ɗaure ni anka yi."

"In na ɗauke ka daga Argungu, bulo zai dawo cikin buhu. In ban ɗauke ka ba, na ƙaryata tsarina, ga shi na riga na rubuta wa Alhaji an sami gwarzo, an yi fenti." Ya nuna ƙofar da biro. "Fenti ba ya gogewa, Malam Arzika."

Arzika ya gyara tsayuwa. "A ba ni takardar ga ta ranar dogon yaro."

Aka lalubo fom ɗin a ƙasan jaka. Arzika ya ɗora yatsa a kan layin da aka soke.

"Nan abin da nic ce." Ya matsar da yatsan sama. "Nan abin da kar rubuta. Rediyo na da kyau, agogo na da kyau, na gode. Amma ko sau ɗaya ba ka tambaye ni su nika so ba. Ikrima yac ce fanka, sai kas sa fanka ga kowa."

"To in ba ka so, me ya sa ka ci?"

Arzika ya dubi Ikrima ta gefen ido. Ya juya ga manaja. Ya ce, "Rahoton da kak kai ma Alhaji, wa kac ce ya yi aikin? A karanta in ji."

Manaja ya yi ɗan tari. Ya buɗe rahoton ya fara karantawa. Tsarin tagiya ya kawar da tsakuwa. Tagiya ta jawo manoman ƙetare. Tagiya ta nuna ladabi ga manufar rage saye. Ya wuce shafi na uku, na huɗu, yana sauri yana neman wani abu, muryarsa tana raguwa. Sunan manaja ya fito sau da yawa, a matsayin wanda ya kawo tsarin daga Ikko. Sunan Arzika bai fito ba ko sau ɗaya.

Na zaci zai yi fushi. Na ga fuskarsa ta ɗan motsa, na tabbata abin ya taɓa shi, don mutumin da ya sayar da gulbinsa saboda kada na ƙarya ba zai ji daɗin a manta sunansa ba. Amma Arzika mai saye ne, ya san buhu mai kyau in ya gan shi. Ya cire tagiyar daga kansa, ya kaɗe ta, ƙaiƙayi ya tashi, ya ɗora ta a tsakiyar teburin manaja.

"To ai ita tac ci, ranka ya daɗe. Takarda ta faɗi. A ba ta ohis ɗinta."

Manaja ya buɗe baki zai yi dariya, ya fasa. Ina kallonsa yana lissafi a zuci. Rubutun ƙofa bai ambaci mutum ba. Alhaji bai taɓa taka ofishin ba. Gwarzo ya sami ƙarin girma kamar yadda aka alkawarta, mai saye kuma yana nan a bakin gulbi.

"Amma wa zai riƙa sa hannu a takardu? Wa zai amsa in an yi sallama?"

"Sai a yi mata mataimaki. Ga wanda yar rubuta Birnin Kebbi da bakinshi."

Ikrima ya miƙe tsaye har hular kamfani ta zamo masa kan ido. "Ni? Mataimakin tagiya? Tagiyar wannan? Ni da nic cire shi daga bakin..."

"Ofishin ɗaya ne," in ji manaja a hankali. "Tebur ɗinta, kujera taka."

Ikrima ya ɗaga kai ya dubi silin. Ya daɗe yana duba.

"Fankar, yaushe za a jawo wuta?"

"An ce wata mai zuwa."

Ikrima ya koma ya zauna.

Manaja ya jawo fom ɗin Arzika, ya cire murfin biro, ya tsaya. Ina jin shi ne karo na farko tun dawowarsa daga Ikko da ya yi tambayar da bai riga ya san amsarta ba.

"Kai kuma me za a ba ka?"

"Benci. A aje shi mashigi. Kututturen ga ya cinye min riga ukku."

"Shi ke nan?"

"Mai wurin jingina."

Manaja ya rubuta. "Amma ba tagiya, da me za ka riƙa duba shinkafar?"

Arzika ya ɗaga tafin hannunsa mai faɗi ya nuna masa. "Ita ba ta taɓa sanin shinkafa ba, ranka ya daɗe. Rakiya ta kai."

Aka ɗauki tagiyar aka kai ta ɗakin da ke da fenti. Manaja da kansa ya ɗora ta a tsakiyar tebur, ya ɗan juya ta don ta fuskanci ƙofa. Ikrima ya ja kujera gefe ya zauna, ya gwada jingina, ya gwada ɗora gwiwar hannu a teburin, ya ga kamar bai dace ba ya janye. Tamba ya yi oda daga waje.

Arzika ya fito kansa tsirara, da farin zobe a goshi inda tagiyar ta shekara tana zama. Rana ta tsaya a tsakar baranda tana jiransa. Ya kai bakin ƙofa, ya dafa ta, ya juyo.

"Ikrima."

"Mi kuma?"

"In ka shigo da sahe, ka riƙa gaishe ta. Ita ag gaba da kai."